Tabar da Na Yanka Biyu a Jidda

A filin jirgin Kano muka yi sallar asuba, ni da abokin cinikina, wani dattijo da muka daɗe muna haɗa jari a harkar goro. Kayanmu sun riga mu shiga jirgi: huhunan goro ne da muka sayo a Shagamu, muka tsince a Kano, muka sake musu ganye, aka ɗinke da buhu. Dabarar tafiyar ba ta da wuyar ganewa. Idan alhazai suka fara sauka a Jidda, kowa da ɗan ƙunshin goronsa a jaka, farashi faɗuwa yake yi. Mu kuwa muka ce bari mu riga su, lokacin da mutanenmu na can suke taunar busasshe, mu sayar, mu yi umara, mu dawo. Tun da na dawo ake tare ni a kasuwa ana tambayar yadda aka kwashe, wasu ma sun ji wai taba ce ta cinye mana riba. Akwai gaskiya a ciki, shi ya sa na ga gara in faɗi yadda abin ya faru da kaina.

Jirgin bai cika ba, tunda ba lokacin aikin hajji ba ne. An kawo mana kaza da shinkafa a ɗan faranti. Dattijon ya juya kazar, ya ce shi ba ya cin abin da bai san wanda ya yanka ba, ya ciro kilishinsa. Ni na ci tawa, na ci tasa. Mun sauka a Hartum aka sha mai, ba a bar mu mun fita ba, sai zafi da ya shigo ta ƙofa ya gaishe mu. Daga nan sai rairayi da duwatsu har ido ya gaji, sannan Bahar Maliya ta bayyana, shuɗiya kamar an rina ta a Ƙofar Mata.

Zafin Jidda ba irin namu ba ne. Namu busar da mutum yake yi, nasu jiƙa mutum yake. Kafin mu isa inda ake duba fasfo rigata ta manne da baya. A wurin kwastan, wanda su suke kira gumruk, wani ma'aikaci ya soka ƙarfe a huhu ɗaya, ya ciro goro, ya gatsa, ya yamutse fuska, ya tofar. Ya ce wannan ya wuce tsaraba, kayan ciniki ne, kuma baƙo ba ya fitar da kayan ciniki sai wani attajirin gari mai lasisi ya sa hannu cewa nasa ne. Muna tsaye aka kwashi huhunan aka kai wata rumfar kwano a bayan ofishin.

Wanda bai san goro ba zai ce ai ajiya ce. Goro kuwa abu ne mai rai. Yana so a buɗe shi a kai a kai, a tsince wanda ya fara lalacewa, a yayyafa ruwa, a sake ganye, a ajiye shi inda yake da sanyi. Idan aka bar shi a ƙunshe cikin zafi, daga tsakiya yake fara dahuwa, ya yi laushi, ya yi baƙi, ɗaya ya shafa wa goma. Duk jarina da na dattijon yana cikin rumfar nan, kuma rana tana dukan kwanon tun daga hantsi.

Mai masaukinmu ya zo ya tarye mu. Haifaffen Jidda ne, kakansa ya zo da ƙafa daga ƙasar Katagum bai koma ba. Shi ne shugaban 'yan dakon wani babban attajiri a bakin teku. Hausarsa tana da kyau, sai dai ba ya gama jimla ba tare da Larabci ya faɗo a ciki ba. Da na gaya masa halin da ake ciki, sai ya kaɗa hannu.

"Ma fi mushkila, ba matsala, ya Alhaji. Ammi zai sa hannu, halas, shi ke nan. Gobe da la'asar in kai ku."

Ammi shi ne yadda suke kiran ubangidansu, wato kawu.

Gidansa a Nuzla yake, kudancin gari. Unguwa ce mai cunkoso, lunguna ƙanana, gidaje wasu na bulo, wasu na katako da kwano. Idan ka rufe ido ka saurara sai ka ce Fagge kake: ana kiran mai ƙosai, ana cinikin daddawa, wata tana yi wa 'yarta faɗa da Hausa ita kuma tana amsawa da Larabci. Ruwa saye ake yi, jaki ne yake jan tanki yana bin gida gida. Da safe ful ake ci, wato dafaffen wake da aka dama da mai, da wata faffaɗar gurasa mai zafi da ake kira tamis. Da rana shinkafa da naman rago, kowa ya sa hannu a tire ɗaya. Da magariba kuma masu tsire suke fitowa, har Larabawa suna layi. Abinci ba shi da tsada, shinkafa ma ta fi araha a kan Kano, amma kuɗin hayar ɗaki ɗaya zai kama maka gida sukutum a Dala. Na duba goron da mata suke sayarwa a faifai a ƙofar gida. Ya yanƙwane kamar fatar tsoho, kuma ana sayensa a hakan, a farashin da ban taɓa ji ba. Na tabbata lissafinmu daidai ne, in dai kayan sun fito.

Washegari da la'asar muka shiga tsohon gari. Gidajen can dogaye ne, hawa huɗu, hawa biyar, an gina su da dutsen teku, tagoginsu na katako da aka sassaƙa sun leƙo kan titi. Ƙasan gidan attajirin sito ne mai duhu da sanyi, cike da buhunan shinkafa da kwalayen shayi. Ina wucewa na ce a raina, ga inda goro zai yi barci. Zaurensa yana sama, an shimfiɗa darduma, fanka tana juyawa. Mutum ne gajere, mai furfura a gemu, iyayensa daga Hadaramaut suka zo. Ya zaunar da ni kusa da shi, dattijon a gefena, mai masaukinmu kuma ya tsuguna wajen ƙofa yana fassara, don Larabcina na kasuwa ne, ba ya wuce nawa da rage mini.

Aka kawo gahawa a 'yan ƙananan kofuna, aka kawo dabino, aka zagaya da turaren wuta. Ba a yi maganar goro ba. Sai attajirin ya jawo wani akwatin katako, ya buɗe. Taba ce a ciki, amma ba sigarin takarda da muka sani ba. Su sigar suke ce mata. Tsawonta ya kai taƙi, kaurinta kamar babban yatsa, ganyen taba ne zalla aka naɗe, da ɗan zoben takarda a wuya. Ya ce masu tuƙa jiragen ruwa ne suke kawo masa daga tsibirin Kuba. Ya miƙa wa dattijon, shi ya ɗora hannu a ƙirji ya ce ba ya sha. Ya miƙo mini na karɓa. Ya ɗauki tasa, ya rufe akwatin.

Ni ina shan sigari, mai masaukinmu ma yana sha, tare muka sha da safe. Na dubi abin da ke hannuna na ga ya fi ƙarfin zama ɗaya, ga mutumin da nake kwana a gidansa yana zaune hannu wofi. A wurinmu idan aka ba ka goro ɗan'uwanka yana kusa, ɓarawa kake yi ka miƙa masa. Ban yi wani dogon tunani ba. Na ciro 'yar wuƙar da nake yanka goro da ita, na ɗora tabar a gwiwa, na datse ta a tsakiya, na miƙa masa rabi.

Mai masaukinmu ya karɓa don ba yadda zai yi, amma bai ɗaga ido ba. Kafin ya kai ta baki ganyen waje ya fara warwarewa, ya zazzago masa a cinya kamar ɓawon albasa. Nawa rabin ya kama wuta, na zuƙa sau biyu, na ji ɗaci. Attajirin ya dubi wuƙar, ya dubi ganyen da ke kan dardumarsa, ya mayar da tasa cikin akwati bai kunna ba. Da na kawo maganar rumfar kwastan sai ya ce, "Bukra, in sha Allah." Wato gobe. Aka sake kawo turaren wuta, wanda a can alama ce ta an sallame ka.

A hanya, da muka fita Ƙofar Sharif, mai masaukinmu ya juyo wajena.

"Ya Alhaji, wallahi ka yi aib. Wannan ba a yanka ta."

"To me ake yi da ita, in ta fi ƙarfin mutum?"

"Ana sha ne shwayya shwayya, sannu a hankali, ana hira. Ammi idan ya ba mutum sigar, ya ba shi zama ke nan har ta ƙare. Kai ka yanke zaman a gabansa."

Sannan ya ƙara da cewa shekarunsa da yawa yana hawa zauren nan, ba a taɓa miƙa masa komai a ciki ba sai saƙo. Ya ce ya gode, amma don Allah kar in sake.

Kafin magariba labari ya zagaya Nuzla. Akwai wata rumfar shayi da mutanenmu suke zama a kan dogayen gadajen igiya, a nan aka yi mini shari'a ina zaune. Wani tela, Bahaushen Sudan, ya ce shi bai ga laifina ba, kyauta idan ta shiga hannunka ta zama taka, ko ka yanka ko ka jefa a teku. Wani direban babbar mota ya ce a'a, ko rago aka ba ka ba ka yanka shi a ƙofar wanda ya ba ka. Telan ya ce ai rago ma yankawa ake yi, shi ya taɓa ganin an haɗiye rago? Aka juya wajen dattijon don ya raba gardama. Ya kurɓi shayinsa ya ce shi a saninsa taba ba abin kirki ba ce, don haka wanda ya rage mata tsawo ya rage ɓarna, sai dai bai taɓa ganin rage ɓarnar da ya jawo asara irin wannan ba. Wata tsohuwa mai sayar da goro da ta tsaya sauraro ta ce, "Alhaji, kai da ka yanka da shi da ya yi fushi duk ba ku dame ni ba. Yaushe goron zai fito?"

Kullum mai masaukinmu ya dawo daga aiki sai ya ce ammi ya ce bukra. Na tambaya ko akwai wani attajirin da zai sa hannu. Akwai, amma duk sun san juna, kuma ba wanda zai ɗauki baƙon da ya riga ya sha gahawar wani. Na je rumfar kwastan da taimakon wani masinja da ya san mai masaukinmu. An bar ni na shiga, ba a bar ni na kwance ko huhu ɗaya ba. Na cusa hannu ta ƙarƙashin buhu, na ji ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi. Wani wari mai tsami ya fara tashi, kaɗan ne, amma hancin ɗan goro ba ya kuskure shi. Na roƙa a bar ni in watsa ruwa a kan buhunan, mai gadi ya ce sai an kawo takarda.

Tunda zama ba ya ƙara komai, muka tafi Makka muka yi umara. Motocin haya suna tashi daga Ƙofar Makka, a cika mutum shida a kama hanya. Kwalta ce sumul, ba rami, direban yana gudu kamar an biyo shi. Harami ba cunkoso a wannan lokaci, mutum yana ɗawafi ba wanda ya taka shi, har ka samu wuri ka zauna ka dubi Ka'aba yadda ranka yake so. Dattijon ya yi kuka. Ni na yi addu'o'in da aka ba ni saƙonsu daga gida, na yi nawa, kuma ba zan ɓoye ba, goro ya shiga ciki.

Ranar Alhamis da sassafe aka aiko cewa attajirin yana nemana. Alhamis a can rabin rana ake aiki, da azahar ofisoshi suke rufewa sai Asabar. Na fita ko shayi ban sha ba. Dattijon ya ce shi ba zai je ba, kada ganinsa ya tuna wa mutumin abin da ya wuce.

Na tarar da takardar kwastan a kan ɗan teburin da ke gabansa, da alƙalami a kai. Ya amsa gaisuwata da fara'a kamar ba abin da ya faru. Sannan ya jawo akwatin nan. Ya ciro guda, ya riƙe ta a gaban idona, ya yi bayani mai masaukinmu yana fassarawa. Ya ce ganyen waje guda ɗaya ne tak, an naɗo shi daga ƙasa zuwa sama, a kai kawai aka liƙe shi da ɗan hula. Idan ka datse tsakiya, rabin ƙasa ba abin da ke riƙe da shi, dole ya warware. Kuma wanda ya naɗa ta ya jera ganyen ciki ne yadda za ta fara da sauƙi, ta yi ta ƙara ƙarfi har ƙarshe. Rabin da na riƙe wa kaina ƙarshenta ne, na fara daga inda ya kamata in gama. Ya ciro wani ɗan almakashi, ya cire bakin hular kaɗan, bai kai faɗin farce ba. Ya ce iyakar yankan da ake yi mata ke nan. Idan mutum ya gaji, sai ya ajiye ta ta mutu da kanta, ba wanda zai ce ya yi laifi.

"Ya Hajj," in ji shi, "da ka miƙa masa ita gaba ɗaya, da na ce wannan mutum karimi ne, in ba ka wata. Da ka ce in ba shi, da na ba shi. Amma ka yanka, sai ku biyu kuka tashi ba wanda ya sha komai."

Ni ban saba ba da haƙuri a kan abin da ban gama yarda laifi ne ba. Na ce masa a ƙasarmu wanda aka ba goro ya jefa a aljihu ɗan'uwansa yana kallo, za a daɗe ana faɗinsa. Ɓarawa ake yi, kuma ba raini ba ne ga wanda ya bayar, girmama kyautarsa ce ta isa mutum biyu. Ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai.

"Goro da tsagarsa Allah ya halicce shi. Wannan ba ta da tsaga."

A nan na yarda ya fi ni hujja, na kuma gaya masa haka. Ya miƙo mini wadda ya gyara, ya gyara wata wa kansa, ya kunna mana da dogon ashana. Mai masaukinmu yana wurinsa na kullum, bakin ƙofa, ba a ba shi ba.

Daga nan aka shiga hira. Ya tambaye ni wane ne ubana, na ce manomi ne, ni da tallan goro a tashar jirgin ƙasa na fara. Wannan ya yi masa daɗi, ya ce shi ma da dako ya fara a bakin tekun nan. Ya tambayi yadda itacen goro yake, da nisan Shagamu daga Kano, da dalilin da ya sa fari ya fi ja tsada. Ina amsawa ina satar kallon takardar. Na dubi tabar na ga ko kashi ɗaya cikin huɗu ba ta ci ba, sai na shiga zuƙa da sauri. Ta yi zafi, ta yi ɗaci. Ya ɗaga yatsa ya ce, "Shwayya shwayya." Ga shi ba wanda ya gaya mini ba a haɗiye hayaƙinta kamar na sigari. Ciki ba komai, gahawa a kai, hayaƙi a ƙirji. Can sai na ga fanka ta tsaya, ɗakin ne yake juyawa. Gumi mai sanyi ya karyo mini. Na dafa matashi, na ci gaba da ba shi labarin yadda ake yi wa huhu ganye.

Na san zan iya ajiye ta ta mutu, shi da kansa ya faɗa. Amma na riga na yi suna a zauren nan a matsayin mai gaggawa, kuma ba wannan kayan kaɗai nake dubawa ba, ina duba na baɗi. Na auna, na zauna. Tokarta ta yi tsawo ta faɗi, ta sake tsawo. Sai da wuta ta kusa zoben takardar ya ajiye tasa, ya ɗauki alƙalami ya sa hannu. A daidai lokacin ladanin masallacin unguwar ya ɗaga murya. Mai masaukinmu ya fizgi takardar ya sauka da gudu ya tari tasi zuwa ofishin kwastan. Ya tarar an rufe. Ni kuwa da ƙyar na sauko matakala, na zauna a kan buhun shinkafa a sito har ƙasa ta daina motsi.

An tambaye ni ko da gangan attajirin ya ja lokaci. Ban sani ba. Mutumin shinkafa da siminti ne, kayan da ba sa mutuwa, mai yiwuwa bai san abin da yini biyu suke yi wa goro ba. Mai yiwuwa kuma ya sani sarai. Ɗan kasuwa ne, ni ma haka.

Ranar Asabar kayan suka fito. Ya ba mu kusurwa a sitonsa mai sanyi, matan Nuzla masu sayar da goro suka zo suka taya mu tsinta, tsohuwar nan a gaba. Duk huhun da aka kwance, gefe lafiya, tsakiya baƙi ƙirin. Aka yi ta cika kwanduna ana kaiwa juji. Dattijon ya tsaya yana kallo da carbinsa. Abin da ya tsira bai kwana biyu ba ya ƙare, har daga Makka da Madina aka aiko saye, kuma a farashin da muka yi tsammani. Da attajirin ya cire ladansa muka ga jarinmu ya dawo, kuɗin jirgi ya fita, riba kuwa tana juji. Amma kafin mu taso mun yi magana da shi a gaban shaidu: nan gaba zan buga masa waya tun kaya ba su tashi ba, ya sa hannu ya ajiye, goro ya wuce daga jirgi zuwa sitonsa ba tare da ya ga rumfar kwano ba. Mai masaukinmu yana nan a kan aikinsa, sai dai abokansa na bakin teku sun sa masa suna Abu Nus, wato mai rabi.

Mun dawo ta hanyar da muka bi, da jarkokin zamzam da dabino da 'yan yadudduka na iyali. Muka sauka Kano da yamma, an yi ruwa, ƙasa tana ƙamshi, iska ta bushe mana gumin da muka kwaso.

Ga masu tambayata ko ya halatta a raba irin wannan taba biyu, ga abin da na gani. Idan taka ce, da kuɗinka ka saya, a gidanka kake, ba wanda zai kai ka gaban alƙali. Sai dai ka sani ba taba biyu za ka samu ba, ganye a cinya za ka samu da ɗaci a baki. Idan kuwa a zauren wani aka ba ka, ko ka sha, ko ka ce ba ka sha, ko ka miƙa wa na kusa da kai ita sukutum. Al'adarmu ta rabawa mai kyau ce, ban bar ta ba, amma yanzu nakan duba ko abin yana da tsaga kafin in sa hannu. Wanda zai kai goro Jidda kuma ya nemi mai sa hannu tun yana gida, kada ya yarda a kira shi ranar Alhamis, kuma ya ci abinci kafin ya hau zauren kowa.

Dattijon ya ce zai sake zuba jarinsa a tafiya ta gaba, bisa sharaɗi ɗaya. Ranar da za a hau wurin attajirin, shi zai riƙe wuƙar.